Tsakanin Ƙofar Masana'anta da Shafin Intanet: Halin da Masu Neman Aiki ke Shiga a Manyan Kamfanonin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin matakan da mai neman aiki yake bi kafin babban kamfani ya ɗauke shi, kuma ta dubi al'amarin ta fuskar shi mai neman. An ɗauki unguwar Kawaji da kewayenta a matsayin madubi, saboda maƙwabtakarta da yankunan masana'antu na Bompai da Dakata. Maƙalar ta nuna cewa tsarin ɗaukar ma'aikata na zamani ya rarraba aikin tantancewa a hannun 'yan tsakiya da dama, har ya zamana babu wanda nauyin ba mai neman aiki amsa ya rataya a wuyansa. Daga wannan shirun ne zargin sanayya da kasuwar 'yan damfara suke samun abinci.

1.0 Gabatarwa

Kawaji ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Nassarawa a jihar Kano. Tana maƙwabtaka da Dakata da 'Yankaba, kuma tafiya kaɗan ce tsakaninta da Bompai, yankin masana'antu mafi daɗewa a birnin. Saboda haka babban kamfani ba baƙon abu ba ne a idon ɗan wannan unguwa. Ta gefen katangarsa yake wucewa zuwa makaranta, yana kuma ganin manyan motoci suna fitar da kaya dare da rana. Abin da yake ɓoye gare shi shi ne yadda ake shiga ciki a matsayin ma'aikaci.

Ƙofofin shiga biyu ne, kuma ba su yi kama da juna ba. Ta farko ita ce ƙofar ƙarfe ta masana'anta, inda masu aikin ƙarfi suke taruwa da sassafe. Ta biyu ba a ganinta da ido, domin shafi ne a intanet, inda masu takardun manyan makarantu suke cika fom don neman gurbi a banki ko kamfanin sadarwa ko na siminti ko na rarraba wutar lantarki. A gida guda a Kawaji ana iya samun wa da ƙani, kowa yana ƙwanƙwasa tasa ƙofar.

Yawan masu ƙwanƙwasawar ba ya buƙatar dogon bayani. A shekarar 2012 Aliko Ɗangote ya bayyana cewa kamfaninsa ya nemi direbobin manyan motoci 100, sai takardu kimanin 13,000 suka shigo, ciki har da na masu digiri na uku 6 da masu digiri na biyu 704. Alƙaluman hukuma ba sa nuna wannan cunkoso yadda ya kamata. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020, sannan ta ce kashi 4.1 ne a farkon 2023, bayan ta sauya ma'auni ta fara lissafa duk wanda ya yi aikin sa'a guda a mako a cikin masu aiki. Da wannan ma'auni, mai digirin da yake taya ɗan'uwansa zaman shago a 'Yankaba ya fita daga sahun marasa aiki, alhali takardunsa suna nan a ambulan yana jiran kira.

2.0 Tsohon Tsari: Ubangida da Yaronsa

Kafin a fahimci abin da yake damun mai neman aiki a yau, ya dace a dubi abin da ya gada. Ɗaukar mutum aiki a kasuwancin Hausawa ya ginu ne a kan tambaya guda: wa ya san shi, wa zai tsaya masa? Uba ko malami ko mai unguwa ne yake kai yaro wurin attajiri ya damƙa shi amana. Yaron ya fara da aike da shara da ɗaukar kaya, ana lura da hannunsa da bakinsa, har a kai ga ba shi ajiyar kuɗi. Idan ya cika amana, ubangida ya yi masa aure, daga bisani ya yaye shi da jari. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kasuwar gyaɗa ta buɗe, manyan kamfanonin Turawa ma a kan wannan tsari suka jingina. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya yi musu wakilcin sayen gyaɗa ta hannun yaransa da ƙananan wakilai da ya baza a karkara, waɗanda babu abin da ya ɗaure su da shi face amana da sanayya. Har yau haka ake yi a Kantin Kwari da Singa da Dawanau.

Wannan tsari yana da aibinsa, domin wanda ba shi da kowa ba ya shiga, kuma yaro kan shekara goma yana bauta ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba. Amma yana da siffa guda da ta kamata a riƙe: akwai fuska. Idan an ƙi yaro, wanda ya kawo shi zai ji dalili, ko da cikin sakaya zance ne. Kunyar idon juna tana tilasta a ba da amsa.

3.0 Ƙofar Masana'anta

Da masana'antu suka bunƙasa a Bompai, sannan Sharaɗa da Challawa, wannan al'ada ta bi ma'aikata har bakin ƙofa. Paul Lubeck, a littafinsa na 1986 a kan Musulunci da ma'aikatan birni a Arewacin Nijeriya, ya nuna cewa da yawa daga cikin leburorin masana'antun Kano tsofaffin almajirai ne da gardawa da suka shigo daga karkara, kuma zumuncin makarantar allo yana cikin abin da ya riƙe su a birni. Tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986, da matsalar wutar lantarki da shigowar kayan waje masu araha, masaƙu da dama sun rufe, wasu sun koma rumbunan ajiya. Waɗanda suka rage, irin su na roba da na fata da na sarrafa shinkafa da mai, sun fi karkata ga ma'aikatan wucin gadi.

A wannan ƙofa tantancewa ba ta ɗaukar lokaci. Heluma ko ɗan kwangilar da aka ba aikin kawo ma'aikata ya fito ya nuna waɗanda yake so, sauran su watse. Ba a tambayar takardar makaranta, ƙarfin jiki da sanin wani a ciki su ne jari. Mai neman aiki a nan ya san matsayinsa kafin hantsi, wanda hakan wata rahama ce. Inda yake cikin duhu shi ne sharuɗɗan aikin, domin da baki ake yanke su. A watan Yunin 2020 'yan sanda sun fitar da ma'aikata fiye da 100 daga wata masana'antar shinkafa a Challawa, waɗanda suka ce an hana su fita tun lokacin kullen korona. Wanda ya shiga aiki ba tare da takarda ba, ba shi da abin nunawa ranar da alkawari ya sauya.

4.0 Ƙofar Intanet da Matakan Tankaɗe

A ƙofa ta biyu ne tafiyar take da tsawo. Talla takan fito a shafin kamfani ko a dandalin tallan ayyuka irin su Jobberman, wanda wasu ɗalibai uku na jami'ar Ile-Ife suka kafa a 2009. Mai nema ya sayi data ko ya tafi shagon intanet, ya ɗora takardar tarihin karatunsa da ayyukansa, wadda aka fi sani da si-bi, da hoton sakamakon jarrabawa da takardar haihuwa da ta hidimar ƙasa. Ita wannan ta ƙarshen doka ce ta wajabta ta, domin dokar hidimar ƙasa, wadda ta samo asali a 1973, ta ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin neman shaidar kammalawa ko ta yafewa daga duk mai digiri.

Abin da yawancin masu nema ba su sani ba shi ne, a matakin farko sau da yawa babu ɗan'adam da zai karanta takardarsu. Manhaja ce take tankaɗe ta bisa sharuɗɗan da aka saka mata: darajar digiri, nau'in takarda, da shekarun haihuwa. Mai babbar difloma ta kwalejin fasaha kan faɗi tun a nan, ko a ajiye shi a matakin da yake ƙasa da na mai digiri. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin soke wannan bambanci a 2021, amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa na lokacin ba.

Sharaɗin shekaru ya fi kowanne cizo. Bankuna da dama kan ƙayyade shekara 26 ko 27 ga sabon ma'aikaci. A ɗauki ɗalibin da ya shiga jami'ar gwamnati a 2019 yana ɗan shekara 19, don karatun shekara huɗu. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci kimanin wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Idan aka haɗa da jiran kiran hidimar ƙasa da shekara guda ta hidimar kanta, zai fito kasuwar aiki yana kan gaɓar 26, ba tare da ya faɗi ko darasi ɗaya ba. Wannan kuwa lissafin mai sa'a ne. A Kano da yawa sai sun sake jarrabawar shiga jami'a sau biyu ko uku, ko sun biyo ta difloma ko kwalejin ilimi. Takwaransa da iyayensa suka iya biya masa jami'a mai zaman kanta ya gama tun yana 21. Ke nan sharaɗin da yake kama da ma'aunin ƙuruciya ya zama ma'aunin aljihun iyaye. Ba abin mamaki ba ne da takardar rantsuwar shekaru ta kotu ta zama haja mai tafiya, kuma tsarin da aka kafa don zaɓo mai gaskiya ya fara da koya wa mutane rage shekaru. A watan Yulin 2023 Majalisar Dattawa ta yi kira da a daina sanya wannan sharaɗi, sai dai kiran majalisa ba doka ba ne.

Wanda ya tsallake sai a kira shi jarrabawar gwajin basira, wadda galibi wani kamfani na daban ne yake shirya ta, irin su Dragnet ko Workforce. Tambayoyi ne na lissafi da fahimtar rubutu da tunani, cikin Ingilishi, a ƙayyadadden lokaci mai tsauri. Ba ilimin fannin da mutum ya karanta ake aunawa ba, saurin karatu da sabo da salon tambayoyin su ne kan gaba. Wanda ya yi firamare da sakandare a makarantar gwamnati inda Hausa ce harshen bayani, ko da ya fi kowa iya lissafi, daƙiƙun da yake kashewa wajen juya tambaya a ƙwaƙwalwarsa suna iya raba shi da gurbin. Tun daga 2020 an mayar da yawancin wannan gwaji da ganawar farko zuwa intanet. Hakan ya rage wahalar tafiya, amma ya ɗora wa mai nema nauyin samun kwamfuta mai kyamara, da wutar da ba za ta ɗauke ba, da ɗaki marar hayaniya, abubuwa uku da ba kowane gida a Kawaji yake haɗa su a lokaci guda ba. Idan kuwa aka kai matakin ƙarshe, hedikwatar yawancin bankuna da kamfanonin sadarwa a Legas take, tafiyar kusan kilomita 1,000, kuma sau da yawa kuɗin mota da masauki daga aljihun mai nema suke fita, ga shi farashin sufuri ya ninka tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023.

4.1 Intabiyu da Tarbiyyar Bahaushe

Ganawar ido da ido, wato intabiyu, ita ce matakin da ya fi dacewa da nazarin masana harshe da al'ada. Tambayar da aka saba buɗewa da ita ita ce mutum ya ba da labarin kansa, sannan ya faɗi dalilin da zai sa a fifita shi a kan saura. Ana sa ran ya dubi masu tambaya cikin ido, ya ɗaga murya, ya jera nasarorinsa yana cewa ni na yi, ni na jagoranta.

Tarbiyyar gida kuwa akasin haka ta koya masa. Bahaushe ya ce yabon kai jahilci ne. Yaron kirki ba ya ƙura wa babba ido, ba ya katse shi, ba ya yin ciniki a kan ladansa da baki buɗe. Idan an yaba masa, sai ya mayar da abin ga Allah da iyaye da malamai. A nazarinsa na 1974 a kan mutumin kirki, Kirk-Greene ya lissafa kunya da ladabi da haƙuri a cikin siffofin da Hausawa suke auna nagarta da su, tare da gaskiya da amana. Al'adar ta san yabon kai, amma ta keɓe masa fage: ɗan dambe da mafarauci da ɗan tauri su ne suke yi wa kansu kirari, kuma ba a gaban surukai ba. A sauran fagage wani ne yake faɗin alherin mutum, shi yana sunkuye. Wannan shi ne aikin da mai kai yaro wurin ubangida yake yi a tsohon tsari.

Ɗakin intabiyu ya haɗe ayyukan biyu a kan mutum guda, ya zama shi ne hajar, shi ne dillalin. Mai tambayar da bai san wannan al'ada ba zai ga sunkuyar da kai ya rubuta rashin ƙarfin gwiwa, ya ji gajeriyar amsa ya rubuta ƙarancin sani. Ba lallai ne da mugun nufi ya yi ba, ma'aunin da aka ba shi ne bai san kunya ba. Abin ya fi tsanani ga mata, waɗanda tarbiyyar kawaici ta fi nauyi a kansu, ga kuma tambayoyin da akan jefa musu game da aure da haihuwa da amincewar miji, waɗanda ba a yi wa maza. Ba a cewa kamfani ya daina neman mai iya magana, domin wasu ayyukan da baki ake yin su. Abin tambaya shi ne ko mai kula da injin ko mai lissafin kuɗi yana buƙatar ƙwarewar kirari kafin a gane amfaninsa.

5.0 Shiru da Abin da Yake Haifarwa

Bayan duk wannan, abin da mafi yawan masu nema suke samu shi ne alkawarin za a tuntuɓe su, daga nan shiru kake ji. Ba a ce an ɗauka ba, ba a ce an ƙi ba. Mutum ya yi ta duba imel da saƙon waya wata da watanni, wani ma ya ƙi karɓar ƙaramin aikin koyarwa don kada kira ya zo yana ɗaure. Ba shi da wanda zai tambaya. Dandalin talla ya ce shi talla kawai ya yi, kamfanin jarrabawa ya ce ya miƙa sakamako, reshen Kano ya ce daga hedikwata ake yanke hukunci, maigadi kuma ya ce a ajiye takarda. Kowa ya yi nasa, amsa ba ta cikin aikin kowa.

Masana halayyar ma'aikata sun daɗe da lura da wannan. Stephen Gilliland, a 1993, ya nuna cewa masu neman aiki ba da sakamako kaɗai suke auna adalcin tantancewa ba. Suna duba ko gwajin ya shafi aikin, ko an bi da kowa ta hanya ɗaya, ko an ba su damar nuna iyawarsu, ko an yi musu bayani a kan lokaci kuma da gaskiya. Wanda aka ƙi da dalili yana iya gyarawa. Wanda aka bari cikin duhu sai ya nemo wa kansa dalili, kuma dalilin da yake kusa shi ne karin maganar nan ta mai uwa a gindin murhu.

Zargin ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, kuma ba a Nijeriya kaɗai abin yake ba. Mark Granovetter, a bincikensa na 1974 a wani gari kusa da Bostan ta Amurka, ya gano cewa fiye da rabin ƙwararrun da ya tambaya ta hanyar wani da suka sani suka samu aikinsu, kuma galibi sanin nesa ne, ba aboki na kusa ba. Wannan ya fassara wani abu game da Kawaji. Matashin da duk saninsa yake cikin unguwa da kasuwa yana da dangi da abokai masu yawa, amma duk labari ɗaya suke ji. Wanda zai gaya masa cewa za a buɗe shafi ranar kaza, ko ga irin tambayoyin da ake yi, yana cikin wani da'ira daban. Ƙa'idar raba daidai ta tsarin mulkin 1999 ma ba ta kai nan ba, domin hukumomin gwamnati ta shafa, ba kamfanoni masu zaman kansu ba.

Da zarar jama'a sun yarda cewa aiki sai da hanya, mai sayar da hanya ya samu kasuwa. Saƙonni suna yawo a WhatsApp da sunan manyan kamfanoni, ana neman kuɗin fom ko na gwajin lafiya ko na goron wani babba. Ɗan damfara yana amsa waya, yana ba da rana, yana kiran mutum da sunansa, wato yana yin duk abin da kamfanin gaskiya ya bari. Karɓar kuɗi daga masu nema kuwa ba a kan 'yan damfara ya tsaya ba. A ranar 15 ga Maris 2014, mutane fiye da rabin miliyan da kowannensu ya biya naira 1,000 suka yi cincirindo a filayen wasa don guraben Hukumar Shige da Fice da ba su kai 5,000 ba, aƙalla 15 suka rasu a turmutsitsi. Ministan cikin gida na lokacin, Abba Moro, shi ne sanatan da ya gabatar da ƙudurin 2023 a kan sharaɗin shekaru. A shekarar ta 2023 ne kuma Nijeriya ta amince da yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana kamfanonin dillancin ma'aikata karɓar kuɗi daga hannun mai neman aiki.

6.0 Takardar Ɗauka

Wanda ya yi sa'a aka kira shi, sauran matakai biyu. Na farko gwajin lafiya, inda dokar 2014 ta haramta sanya gwajin cutar ƙanjamau a matsayin sharaɗin ɗaukar aiki, ko da yake kaɗan ne cikin masu nema suka san da ita, kuma mai jiran takarda ba ya gardama da likitan kamfani. Na biyu fom ɗin masu tsayawa. Kamfanin da ya tantance mutum da manhaja da jarrabawa da intabiyu zai buƙaci ya kawo mutum biyu masu matsayi, galibi babban ma'aikacin gwamnati ko sanannen ɗan kasuwa, su sa hannu cewa za su biya idan ya ci amana. A nan tsohuwar tambayar Kantin Kwari ta dawo da rigar zamani, sai dai yanzu shi mai neman ne zai bi gidajen manyan unguwa yana roƙon alfarma.

Sai kuma ranar karɓar takarda, inda da yawa suke ganin abin da ba su zata ba. Sunan da yake saman takardar ba na bankin ko kamfanin da suka nema ba ne, na wani kamfanin dillancin ma'aikata ne da zai tura su can. Za su zauna a kanta ɗaya da ma'aikatan dindindin, su yi aiki iri ɗaya, amma albashi da ƙarin girma da haƙƙin sallama duk daban. Dokar Ƙwadago ta wajabta wa irin waɗannan kamfanoni mallakar lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, sashe na 7 nata kuma ya ce a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su cika. Sai dai ma'anar ma'aikaci a wannan doka ta tsaya ne a kan masu aikin hannu da ƙananan akawu, ta fitar da masu aikin gudanarwa da ƙwararru. Su waɗannan, abin da aka rubuta a takardar da suka sa wa hannu shi ne madogararsu idan magana ta kai gaban Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a Kano.